Allurar kashe zafi: me ya sa take sa zuciyar wasu dukan uku-uku?

Wata Alhamis da la'asar sakaliya muna zaune a fadarmu ta Zango, buta na kan gawayi, sai ga ƙanen wani abokinmu, ɗan kabu-kabu, ya iso da auduga a baki. Daga wurin cire haƙori yake. Aka miƙa masa shayi, ya kai baki, rabi ya bi gefen leɓe ya sauka a riga, shi kuwa bai sani ba sai da ya ga muna dariya. Na karɓe kofin, domin leɓen da ba ya ji ba ya sanin ya ƙone.

Da ya zauna sai ya ce, da harshe mai nauyi: "Yaya, wallahi allurar nan akwai ƙwaya a cikinta. Ana yi mini ita zuciyata ta hau dukan uku-uku, hannuna na rawa, kamar na sha shayin farko kofi uku ban karya ba." Wani ɗalibin jami'a da ke zama da mu ya ce ai ko sunan ya tona asiri, lidokayin, maganin da ke cikin allurar, da koken, wato hodar iblis, gida ɗaya suka fito. Dattijon cikinmu ya girgiza kai, ya ce shi dama bai taɓa sakin jiki da allurar bayan da ake yi wa mata wajen tiyatar haihuwa ba.

Yaron bai yi ƙarya ba, zuciyarsa ta buga. Ɗalibin ma ya taɓo gaskiya ta gefen tarihi. Sai dai maganin da ya kashe masa dasashi ba shi da hannu a bugun nan, kuma ba a gane dalili sai an bi hanyar da zafi ke bi a jiki.

Hausa ta haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya, jijiya. Akwai wadda jini ke gudana a ciki, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma farar nan siririya mai ɗaukar saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce tamu a nan. Idan ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa, ƙafar ba ta san zafi ba. Saƙo ne ke tashi daga wurin, ya bi jijiya ya shiga laka, ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, can ne ake fassara shi a ce zafi. Saƙon kuwa na lantarki ne, amma ba irin na waya da ke kwarara a ƙarfe ba. Kowane zaren jijiya yana da bango siriri na maiƙo da ya raba cikinsa da waje. A waje gishirin sodiyam ya yi yawa, a ciki kaɗan ne, kuma cikin ya gaza wajen da kamar milibolt 70 a ma'aunin lantarki. A jikin bangon nan akwai ƙofofi birjik waɗanda sodiyam kaɗai ke wucewa ta cikinsu. Ka ɗauke shi kamar ganuwar Birni ta da da ƙofofinta: muddin suna rufe, gari lafiya lau. Da an taɓa jijiya sai ƙofofin da ke kusa su buɗe, sodiyam ya afka ciki, lantarkin wurin ya juye. Juyewar nan ita ke tura ƙofofin gaba su buɗe, su ma su tura na gabansu, na baya kuma su rufe su huta. Haka saƙon ke tafiya ƙofa bayan ƙofa. Wasu Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su suka warware lissafin wannan a 1952, da jijiya mai kauri ta wata dabbar teku, suka kuma samu kyautar Nobel a 1963.

Abin da allurar kashe zafi ke yi ɗaya ne tak: tana toshe waɗannan ƙofofi. Ƙaya na nan, rauni na nan, wuƙar likita na yanka, amma saƙo ya zo inda aka zuba maganin ya tarar da hanya a rufe, ya mutu a nan. Ƙwaƙwalwa ba ta samu labari ba, don haka ba ta da abin fassarawa. Nan ta bambanta da allurar barci ta babbar tiyata, wadda ke kwantar da ƙwaƙwalwar kanta, ta kuma bambanta da tramol, wanda ke barin saƙo ya taso amma ya dusashe shi a laka da ƙwaƙwalwa, ya kuma taɓa wuraren jin daɗi, abin da ya sa ake kamuwa da shi.

Wanda kunama ta taɓa harba ya riga ya san ƙofofin nan ba tare da an gaya masa sunansu ba. Dafinta a kansu yake aiki, sai dai ta ɗaya gefen: yana sa su buɗe da wuri, ko ya hana su rufuwa bayan sun buɗe. Jijiya ta yi ta aika saƙo babu tsayawa, shi ne raɗaɗin nan da ke hawa daga yatsa har hammata ya hana babban mutum barci. Idan aka kai mutum likita aka tsira masa lidokayin a wurin harbin, cikin ƴan mintuna sai ka ga ya sauke ajiyar zuciya. Dafi na buɗewa, magani na rufewa. In ana neman abin da ke tayar da jijiya, ga shi nan a wutsiyar kunama, kuma allurar kishiyarsa ce. A kula dai, ba ta karya dafin da ya shiga jini. Yaro ƙarami da ya fara zufa da amai bayan harbi yana bukatar kulawar asibiti ko da zafin wurin ya lafa.

Akwai wani abu a yadda maganin ke toshe ƙofar da ke warware ƙorafin da nake yawan ji, wato "ni allura ba ta kama ni". Sakatar ƙofar nan a ciki take. Dole maganin ya ratsa bangon maiƙo ya shiga cikin zaren jijiya tukuna, sannan ya juyo ya cusa kansa a bakin ƙofar ta ciki. Shi kuwa maganin kama biyu gare shi. Da kama ɗaya yake ratsa maiƙo, da ɗayar yake toshe ƙofa, kuma tsamin wurin da aka zuba shi ne ke yanke wace kama za ta rinjaya. A lafiyayyen nama ana samun isasshe da ke iya ratsawa. A wurin da ya kumbura ya tara mugunya, naman ya yi tsami, sai mafi yawan maganin ya koma kamar da ba ta ratsa bango, ya tsaya a waje yana kallon ƙofa. Ga shi kuma jini na kwarara da yawa a wurin kumburi, yana kwashe shi da wuri. Shi ya sa wanda ya bar haƙori ya rube har kunci ya tashi, ya gama sa kanwa da toka da duk abin da maƙwabta suka ba shi, ranar da ya je cirewa yakan sha wuya. Sai ya fito yana cewa jininsa ya fi ƙarfin allura, ko ya tuna wani tsari da kakansa ya ba shi yana yaro. Mugunya ce kawai. Likitan haƙori ya san haka, shi ya sa wani lokaci yakan ba da magani ya ce a dawo bayan kwanaki, ko ya kai allurar can ƙuryar muƙamuƙi inda babbar jijiyar take, nesa da wurin da ya lalace.

Zaren jijiya kuma ba iri ɗaya ba ne. Masu kauri na ɗaukar taɓawa da dannawa da umarnin motsi, saƙonsu na iya yin mita 100 a daƙiƙa. Sirara na ɗaukar zafi da sanyi da ɗumi, wasunsu da ƙyar suke yin mita ɗaya a daƙiƙa. A aikace zafi ne ke fara ɓacewa, tare da jin sanyi da ɗumi, sannan taɓawa, sannan dannawa, motsi ne na ƙarshe. Mace da aka yi wa allurar baya ana ciro mata jariri takan ce tana jin ana ja ana turawa a cikinta, ta tsorata ta ɗauka allurar ba ta kama ba. Ta kama. Da an gaya mata tun kafin a fara, da rabin tsoron ya tafi. Ita allurar bayan ana yin ta ne a ƙasan inda laka ta ƙare, a zuba maganin, galibi bufibakayin, cikin ruwan da jijiyoyin ƙafafu da mara ke iyo a ciki. Wani likitan Jamus, August Bier, shi ya fara ta a 1898. Abin da likitoci ke tsaro a kanta shi ne saukar ƙarfin jini, domin jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini su ma sun yi barci. Shi ya sa ake ɗaura ruwa, ake kuma auna jini a kai a kai. Ka ga ko a nan maganin saukarwa yake yi, ba tayarwa ba.

To ina maganar ɗalibinmu? Gaskiya ne, kakan wannan dangi koken ne, hodar iblis. Mutanen duwatsun Peru da Bolibiya sun daɗe suna tauna ganyen koka kamar yadda muke cin goro, don gajiya da yunwa, sun kuma san yana kashe harshe. A 1860 Albert Niemann ya tace sinadarin a Jamus. A 1884, shekarar da mulkin Sarki Tanimun ya zo ƙarshe a nan Damagaram, wani matashin likitan ido a Biyana, babban birnin Ostiriya, Carl Koller, ya ɗiga shi a idon kwaɗo, sannan a nasa idon, ya taɓa ƙwayar da tsinke bai ji komai ba. Kafin nan aikin ido azaba ce. Labarin ya bazu cikin watanni. A Amurka William Halsted ya fara tsira shi kusa da manyan jijiyoyi don kashe gaɓa guda, yana gwadawa a jikinsa, ya kuma kamu da shi kamun da ya bi shi har ƙarshen rayuwa.

Dalili shi ne koken sana'a biyu gare shi. Yana toshe ƙofar sodiyam kamar sauran. Bayan haka yana shiga ƙwaƙwalwa ya hana a kwashe wasu sinadarai da jijiyoyi ke aika wa juna, musamman dofamin da noradirenalin. A ƙa'ida da sun isar da saƙo ake mayar da su rumbu. Koken ya tsare bakin rumbun, su taru su yi ta bugawa: nishaɗin ƙarya, rashin barci, bugun zuciya, hawan jini, da ƙishin ƙari. Masu haɗa magunguna sun shafe shekaru suna neman wanda zai riƙe sana'ar farko ya yar da ta biyu. Alfred Einhorn ya samar da firokayin, wanda ya shiga kasuwa a 1905 da sunan Novocaine. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidokayin a Suwidin, aka fara sayar da shi a 1948 da sunan Xylocaine, sunan da har yau za ka ji majo, wato ma'aikacin jinya, na kira idan zai yi ɗinki. Sana'ar farko da wutsiyar sunan, wato -caine ta cocaine a rubutun Turanci, kawai suka gada. Lidokayin ba ya sa maye, ba ya hana barci, babu wanda ke sayar da babur ɗinsa don ya saye shi. Masu fataucin hodar iblis ma sun san haka: sukan gauraya ta da lidokayin ko benzokayin don ta auku, saboda mai saye in ya ɗanɗana ya ji harshe ya mutu sai ya ɗauka ya samu mai kyau. Kuma idan bugun zuciyar mutum ya rikice ta wata siga mai haɗari, lidokayin na cikin abin da likitoci ke sa wa a jini don su kwantar da ita.

Mu koma kan ɗan kabu-kabu. Sabanin koken da ke matse hanyoyin jini, lidokayin buɗa su yake yi, don haka jini ke kwashe shi da wuri. Tun 1903 Heinrich Braun ya gano cewa in aka haɗa irin wannan maganin kashe zafi da ɗigon adirenalin, hanyoyin jinin wurin sukan tsuke, maganin ya daɗe a inda aka sa shi, zubar jini ta ragu, abin da ke shiga jiki a lokaci guda ya yi kaɗan. ƴar kwalbar da likitan haƙori ke sakawa a sirinjin ƙarfe takan ɗauki mililita 1.8, da lidokayin miligiram 36, da adirenalin da bai kai kashi ɗaya cikin arba'in na miligiram ba. Adirenalin shi ne abin da jikinka ke saki idan mota ta taso maka a kwanar Kasuwar Dole. Kaɗan daga ciki ya zille cikin jini, musamman in tsinin allura ya shafi jijiyar jini, sai zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa, fuska ta yi fari. Jiki na rushe shi cikin ƴan mintuna, shi ya sa kafin a gama cire haƙorin abin ya wuce. Wannan ne mai tayarwar, kuma baƙo ne a kwalbar, da gangan aka gayyato shi. Mai hawan jini da ba a shawo kansa ba, ko mai ciwon zuciya, ya faɗa tun kafin a ɗauko allura, domin akwai wadda ba ta da shi.

Sannan kada a raina tsoro. Namijin da ke ratsa motoci da babur ba ya ƙiftawa, in ya ga doguwar allura ta nufo bakinsa, adirenalin da jikinsa ke saki na iya fin na kwalbar. Ga rana, ga layi tun safe, ga ciki ba komai. Wasu har suma suke yi kafin maganin ya taɓa su. Da na gaya masa haka sai ya ce, "Haba Yaya, ni tsoro?" Muka bar shi a haka.

Akwai tayarwa ta uku, ita ce ta sa na ga ya kamata a rubuta wannan, domin ita ba abin dariya ba ce. Ƙofofin sodiyam ba a dasashi kaɗai suke ba, suna ƙwaƙwalwa, suna zuciya. Idan maganin ya yi yawa a jini, ko don an wuce kima ko don ya faɗa jijiyar jini kai tsaye, yakan isa can. Mutum ya fara jin bakinsa na mutuwa alhali a ƙafa aka yi masa allura, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, kunne na ƙara, jiri, gani na rawa. Sai surutu marar kan gado, rashin natsuwa, tsokar fuska na fizga, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai kallo zai rantse maganin ne ya tayar da shi. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwa na da jijiyoyi masu ingizawa da masu tsawatarwa, kuma masu tsawatarwar ne ke fara yin shiru. Ka tuna dawakin Sarki ranar hawan Salla: in linzami ya tsinke doki ya zabura, ba dawa aka ƙara masa ba. Idan maganin ya ci gaba da taruwa, masu ingizawar ma su kwanta, sai suma, numfashi ya tsaya, zuciya ta raunana. Bufibakayin ya fi muni a nan, domin in ya kama ƙofofin zuciya ba ya saurin saki. A 1998 wani likita a Amurka, Guy Weinberg, ya nuna cewa ruwan maiƙo irin wanda ake ciyar da marar lafiya da shi ta jijiya na iya janye maganin daga zuciya, kuma tun 2006 ake ceton mutane da shi.

Abin ba ya yawan faruwa, kuma mafi yawansa lissafi ne ke tare shi. Kimar da aka saba bi ita ce kada lidokayin zalla ya wuce miligiram 4.5 a kowane kilo na nauyin mutum, ko 7 in da adirenalin. Kwalbar da aka rubuta wa kashi 2 cikin ɗari na da miligiram 20 a kowace mililita. Mai kilo 60 zai ɗauki kamar mililita 13. Yaro mai kilo 10 kuwa mililita biyu da ɗan ɗoriya ne iyakarsa, bai cika rabin ƙaramin cokali ba. A nan hankalina ke tashi idan ɗari ya shigo aka fara kaciyar yara. Yanzu ba wuya ka ga mai aska ya ƙaro sirinji a zabirarsa, yana tsira wa yara "maganin zafi" da ido, ba awo ba lissafi, in yaro ya yi kuka a ƙara masa. Niyyar tausayi ce, ban musa ba. Amma bai san nauyin yaron ba, ba ya jan sirinji baya ya duba ko jini ya biyo kamar yadda ma'aikacin lafiya ke yi kafin ya tura, ba ya kuma bambance kwalba mai adirenalin, wadda ba a amfani da ita a wannan wuri don kada ta tsuke hanyar jinin gaban yaro. In yaron ya fara fizge-fizge sai a ce iska ce, a nemi hayaƙi, alhali minti biyar ɗin nan na numfashi ne. Mai ciwon hanta ma a faɗa wa likita, domin hanta ce ke rushe lidokayin, in ta gaza yakan daɗe a jini.

Ruɗanin nan na cewa maganin na ƙara kuzari har kasuwa ya ci. Daga cikin kayan da ake tallatawa a ɓoye da sunan maganin maza akwai na fesawa da na shafawa waɗanda lidokayin ne ko benzokayin a ciki. Mai saye na ɗauka ƙarfi ya sayo, alhali rage ji kawai suke yi, kuma in ba a kula ba su shafi iyalinsa ita ma. Kakanninmu sun fi mu sanin abin da suke saye. Tsohuwa in haƙori ya dame ta takan danna kanumfari a wurin, kuma man da ke cikinsa na dusashe jijiyar haƙori ta hanyar da ta haɗa da ƙofofin nan, har likitocin haƙori na amfani da shi a wasu kayan cikonsu. Ba ta taɓa haɗa shi da goron da ke ɗaure a bakin zanenta ba. Goro na da kafeyin, don ido ya buɗe ake cin sa, kanumfari don wuri ya yi shiru.

Ƙanen abokin namu ya zauna har aka kira magariba yana tsungular leɓensa yana duba ko ya dawo. Na tambaye shi ko ya ji ƙarar kunne ko ɗanɗanon ƙarfe lokacin da zuciyar ke bugawa, ya ce a'a, bugun ne kawai, kuma kafin a ɗauko abin cirewa ya lafa. Wajen isha'i leɓen ya fara yi masa yam-yam kamar tururuwa na tafiya a ciki, alamar jini ya kwashe maganin ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Bai jima ba zafin ramin haƙorin ya iso, ya tashi ya buga babur ya nufi farmasi da takardar da aka rubuta masa tun da rana.